Kiɗan Sabuwar Shekara na Vienna

Kiɗan Sabuwar Shekara na Vienna taron kiɗan gargajiyar Turai ne da ake yi da hantsin kowace ranar 1 ga Janairu a babban birnin ƙasar Ostiriya. Ƙungiyar makaɗa ta Vienna Philharmonic, wadda aka kafa a 1842, ita ce ke yin sa a Zauren Zinare na ginin Musikverein da aka buɗe a 1870. Galibin abin da ake kaɗawa kiɗan rawa ne na gidan Strauss, wato Johann Strauss da 'ya'yansa.

Asalin taron ba abin tinƙaho ba ne. An fara shi ranar 31 ga Disamba 1939, lokacin da Ostiriya ke hannun 'yan Nazi, Clemens Krauss ne ya jagoranta, kuɗin da aka tara kuma suka tafi asusun agajin hunturu na gwamnatin. Daga 1941 aka mayar da shi ranar farko ta shekara. Willi Boskovsky ya riƙe jagoranci daga 1955 zuwa 1979, yana tsaye da gogensa a hannu, yana kiɗa yana ba da umarni. Tun 1987 ake sauya jagora duk shekara.

Shiga zauren sai mai rabo. Kujerun ba su kai 1,800 ba, masu nema kuwa ba iyaka, don haka ƙuri'a ake jefawa tsakanin waɗanda suka yi rajista ta intanet tun watan Fabrairu. Sauran jama'a sai dai talabijin, wadda ke kai taron ƙasashe fiye da 90.

Wanda ya samu shiga zai tarar da dandamali cike da furanni, makaɗa sun jeru cikin baƙaƙen kaya. Kafin a fara, mai busa obo, wata 'yar uwar algaita, yakan ja sauti guda, sauran su daidaita kayansu da shi. Daga nan sai tsit. A irin wannan zaure ba a yi wa makaɗi liƙi, ba a guɗa, ko tari ma mutum danne shi yake yi har kiɗa ya ƙare.

Amma a ƙarshe akan saki wannan linzami, kuma nan ne armashin taron yake. Da an ɗauko kiɗan "Blue Danube", masu goge sun fara jan sauti siriri kamar zare, sai 'yan kallo su katse su da tafi da gangan. Jagora ya juyo, makaɗa su haɗa baki su yi wa jama'a barka da sabuwar shekara da Jamusanci, sannan a sake ɗauka daga farko. Bayansa sai "Radetzky March" na 1848, inda jagoran ke ba makaɗa baya yana sarrafa tafin mutane, ya sa su sassauta, ya sa su ƙara ƙarfi.

A 2005 ba a kaɗa "Radetzky March" ba don alhinin waɗanda igiyar tsunami ta hallaka a Asiya. A 2021 kuwa annobar korona ta hana kowa shiga, Riccardo Muti ya jagoranci taron gaban kujerun da ba kowa a kansu.