Ma'anar horon sanin hanya da zirga-zirga ga ɗalibai makafi

Horon sanin hanya da zirga-zirga darasi ne da ake ba ɗalibi makaho ko mai raunin gani domin ya iya zuwa makaranta, masallaci ko kasuwa ya dawo ba tare da ɗan jagora ba. Abu biyu ne a haɗe: ya san inda yake da inda ya dosa, sannan ya taka ƙafa ya isa lafiya. Wani yaron ya iya sanda amma ya ɓata, wani kuma ya haddace unguwa a ka amma ya faɗa kwata.

Tsarin doguwar sanda da ake koyarwa yau Richard Hoover ne ya tsara shi a Amurka, lokacin yaƙin duniya na biyu, domin sojojin da suka rasa idanunsu. Ranar 15 ga Oktoba kuwa ita ce ranar farar sanda, wato sandar makafi.

Tsawon sanda daga ƙasa zuwa tsakiyar ƙirji ne, mai saurin tafiya a ƙara masa kaɗan. Gajeriya ba ta ba da labarin rami sai ƙafa ta riga ta kai bakinsa. Ana riƙe ta a saitin cibiya, manuniya a miƙe a jikin mariƙin, wuyan hannu kaɗai ke motsi. Bakin sanda ya taɓa dama ya taɓa hagu, ya ɗan zarce faɗin kafaɗu, kuma kada ya tashi daga ƙasa sosai. Idan ƙafar hagu ta yi gaba sanda na dama, idan ta dama ta yi gaba sanda na hagu, wato tana duba wurin da za a taka na gaba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne hannu ya zame gefen cinya. Daga nan ɓangare guda ya zama ba kariya, tafiyar ma ta karkace. A hanya mai rairayi ko tsakuwa bakin sanda siriri yakan maƙale, gara mai ƙwallo a baki wanda ke gangarawa.

Sai dai sanda ba ta san abin da ke sama da ƙugu ba. Rufin rumfa, reshen bishiya da bayan babbar mota duk suna tsere mata, shi ya sa ake koya wa ɗalibi kare fuska da ɗaya hannun a inda ake zargi.

Wajen sanin hanya ana bambanta alama tabbatacciya da mai wucewa. Turken wutar lantarki, kusurwar katanga da gadar kwata ba sa gusawa, da su ake gina hanya. Ƙamshin ƙosai da ƙarar injin markaɗe taimako ne kawai, domin mai ƙosai na tashi da hantsi, inji kuma ya yi shiru in an ɗauke wuta. Ƙidayar taki ma ba abin dogaro ba ce, tana sauyawa da gajiya da takalmi.

Tsallaka titi ake bari ƙarshe. Ɗalibi ya saurari motocin da ke tafiya daidai da inda ya fuskanta, ya daidaita jikinsa da su. A shataletale, ko inda babura ke bin hannun da ba nasu ba, neman taimako na cikin darasin: shi zai kama hannun mai taimakon sama da gwiwar hannu, ya bi shi rabin taki a baya. Kada a kama bakin sandarsa ana ja.

Inda iyaye da malamai suka fi gazawa shi ne janyewa. Malami kan fara a gefen ɗalibi, ya koma taki kaɗan a baya, daga bisani ya bi shi daga nesa bai ce uffan ba. Idan yaro ya saki hanya kuma babu haɗari, a bar shi ya tsaya, ya saurara, ya koma alamar ƙarshe da ya tabbatar da ita. Ba a ƙara masa sabuwar hanya sai ya bi ta farko shi kaɗai, zuwa da dawowa, safe da yamma, domin hayaniyar titi ba ɗaya ba ce a lokutan biyu.