Theo van Gogh (1857–1891)

Theo van Gogh dillalin zane-zane ne ɗan ƙasar Holan, ƙanen shahararren mai zane Vincent van Gogh. An haife shi a Zundert ranar 1 ga Mayu 1857, ya rasu a Utrecht ranar 25 ga Janairu 1891, wata shida kacal bayan wansa ya kashe kansa.

Ɗawainiya da wansa

Shekara huɗu Vincent ya ba shi, amma ƙanen ne ya riƙe wan. Tun wajajen 1880 Theo, wanda ke aiki a kamfanin dillancin zane-zane na Goupil a Faris, yake aika masa kuɗin abinci da haya da fenti. Wasiƙun Vincent zuwa gare shi da suka tsira sun haura 600. Waɗanda Theo ya rubuta masa kuwa kaɗan suka rage, domin Theo ne mai adana takarda.

Ciwon Vincent

Vincent yakan yi makonni yana zane ba dare ba rana, sai baƙin ciki ya danne shi. Ya yi shekara guda a asibitin masu taɓin hankali na Saint-Rémy a Faransa daga Mayun 1889. Likitocinsa sun ce farfaɗiya ce. Daga baya wasu sun ce baifola, ciwon da ke kai mutum tsakanin zumuɗi mai wuce kima da ƙuncin zuciya mai tsanani. Har yau ba a daddale ba.

Rasuwa da makoki

Vincent ya cika a Auvers, wani ƙauye kusa da Faris, ranar 29 ga Yuli 1890, Theo na gefensa. An rataye zane-zanensa a ɗakin da aka ajiye akwatin gawar, aka lulluɓe akwatin da furanni masu ruwan ɗorawa. Mai zane Émile Bernard ya ba da labarin yadda Theo ya yi ta kuka a maƙabarta. A watan Satumba su biyun suka baje kolin zanen marigayin a gidan Theo. Abin tausayi, wata bai zagayo ba shi ma Theo aka kwantar da shi a asibiti. Ciwon tunjere da ya taɓa ƙwaƙwalwarsa ne ajalinsa, ga kuma zafin rashin ɗan'uwa.

Bayansa

Matar Theo, Johanna Bonger, wadda ya bari da jariri, ita ta ƙarasa aikin sanar da duniya zanen Vincent. A 1914 ta wallafa wasiƙun, ta kuma sa aka mayar da gawar mijinta Auvers, kusa da kabarin wansa. Ɗansu Vincent Willem ne ya tsaya tsayin daka har aka buɗe gidan tarihin Van Gogh a Amsterdam a 1973.