Idan NAFDAC ta janye magani daga kasuwa: me doka ta ce, kuma ta yaya saƙon zai iso gidanka?

A watan Afrilun 2024 hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya, ta ba da sanarwar janye wani maganin tari na yara, Benylin Paediatric, wanda aka yi a Afirka ta Kudu. Ba ta ce duk maganin ne ke da matsala ba. Lamba ɗaya ta ambata, 329304, wato wanda aka sarrafa a watan Mayun 2021, wa'adinsa kuma zai ƙare a Afrilun 2024. Ta ce gwajinta ya gano sinadarin dayetilin gilaikol mai guba a cikinsa fiye da kima. Sai dai irin wannan labari idan ya faɗa WhatsApp, lambar ce take fara zubewa a hanya. Kafin ya zagayo daga Fagge zuwa Ɗorayi ya koma "an hana shan maganin tari", wasu su tsorata su zubar da mai kyau, wasu kuma su ce surutu ne kawai.

Alhali lambar nan ita ce ƙashin bayan zancen. Kamfani ba ya yin magani a tashi ɗaya, rukuni-rukuni yake fitar da shi. Kamar girki ne, tukunyar yau daban, ta jiya daban, ko da hannu ɗaya ne ya dafa. Kowane rukuni da lambarsa, kuma ƙa'ida ta wajabta a buga ta a jikin kwali ko kwalba. Ɗauki kowane kwalin magani da ke gidanka ka juya gefensa, za ka ga an rubuta Batch No. ko B/N ko Lot, a ƙasansa ranar da aka yi shi da ranar da zai lalace. Ko katin ƙwayoyi ne, duba bakinsa, galibi an danna lambar a jikin katin. Ranar da aka gano ɓarna, da wannan lamba ake bin sawun maganin daga masana'anta har kantin unguwa.

Ba don sha'awa aka kafa waɗannan dokoki ba. A 1990 yara fiye da 100 sun rasu a Jos da Ibadan bayan sun sha farasitamol na ruwa da ya gauraya da dayetilin gilaikol. Sinadari ne na masana'antu, ana amfani da shi a man birki, yana da ɗan zaƙi, kuma ya fi sinadarin da ya kamata a narka magani da shi araha. Ƙoda yake kashewa: yaro ya fara amai da ciwon ciki, fitsari ya ragu, daga nan ya ɗauke gaba ɗaya. Wannan masifa tana cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta kafa NAFDAC da doka mai lamba 15 ta 1993, hukumar ta fara aiki a 1994. Duk da haka a ƙarshen 2008 abin ya maimaita kansa da maganin haƙorin yara mai suna My Pikin, inda yara 84 suka rasu, kuma a 2013 kotu a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. A 2022 kuma Gambiya ta rasa yara kusan 70 ta hanyar magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya.

Matakin farko na doka shi ne rajista. Tun 1993 haramun ne a sarrafa magani, ko a shigo da shi, ko a tallata shi, ko a sayar da shi a Najeriya sai NAFDAC ta yi masa rajista ta ba shi lamba, kuma duk shekara biyar ake sabunta ta. Amma ganin lambar a jikin kwali bai isa mutum ya saki jiki ba, domin mai yin jabu ma yana da injin buga takarda. Shi ya sa hukumar ta buɗe rumbun bayanai a intanet mai suna Greenbook, inda za ka sa sunan magani ko lambarsa ka ga ko da gaske an yi masa rajista, da sunan kamfanin da ya yi shi. Tun 2010 kuma akwai tsarin kankare wani ɗan wuri a jikin kwalin maganin zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta, ka aika lambar da ta bayyana ta saƙon tes kyauta, a amsa maka ko na gaske ne.

Sai dokar hana jabun magunguna ta 1999, wadda take babi na C34 a kundin dokokin tarayya na 2004. Sashenta na farko ya haramta yi ko shigowa ko sayar da maganin jabu, ko gurɓatacce, ko wanda aka hana, ko wanda wa'adinsa ya wuce. Hukuncin shi ne ɗaurin shekara 5 zuwa 15, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun. Sashe na biyu shi ne wanda mutane da yawa ba su sani ba: laifi ne a yi tallar magani ko a sayar da shi a wurin da ba shi da lasisi, kuma dokar ta ambaci kasuwa, da tashar mota, da teburin bakin titi, da cikin motar haya. Ke nan mai yawo da farantin ƙwayoyi a ka cikin ranar Kano ya karya doka ko da duk abin da ke farantin na gaske ne. Kuma da wuya ya zauna na gasken, tunda yawancin magunguna an rubuta a jikinsu kada a ajiye su a zafin da ya haura digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40.

Tarar nan ta naira 500,000 tana ci min rai. A 1999 kuɗi ne masu nauyi, yau kuwa wanda ya shigo da kwantena guda zai biya ta bai ji a jikinsa ba. Shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sha yin kira a tsananta hukuncin, kuma a nan ina tare da ita.

Wanda zai sayar da magani kuma, wannan hurumin Hukumar Kula da Harkar Harhaɗa Magunguna ce, wato PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022. A bakinmu duk "kemis" ne, amma a wurin doka iri biyu ne. Akwai famasi, inda ƙwararren mai harhaɗa magani yake kula da shagon, shi ne ke da ikon ba da maganin da sai da takardar likita. Akwai kuma ƙaramin kantin magani, wanda lasisinsa ya taƙaita ga jerin magungunan da aka amince masa, irin su farasitamol da gishirin gudawa da maganin zazzaɓin cizon sauro. Ba shi da ikon yin allura ko ƙarin ruwa, ba shi da ikon sayar da Tramadol ko maganin hawan jini ko akasarin magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Tramadol ɗin ma, mai ƙarfin miligiram 50 da 100 kaɗai aka amince da shi a ƙasar nan, duk wanda ka gani an rubuta 200 ko 225 ta bayan fage ya shigo. Maganin tari mai kodin kuwa tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi.

Akwai sharaɗi guda a lasisin ƙananan kantunan da kusan kullum ake takawa: su sayar da magani a cikin mazubinsa na asali, yadda kamfani ya fito da shi. Tsaya a ƙofar wani kemis bayan sallar isha'i ka gani. Magidanci ya dawo daga kasuwa jiki duk ya mutu, ya ce, "Dakta, a haɗa min na ciwon jiki na ɗari biyar." Mai shago ya ɓalle ƙwaya biyu daga wannan kati, ya sa almakashi ya yanko ɗaya daga wancan, ya ɗebo wasu 'yan rawaya daga wata babbar roba, ya ƙulle su a farar leda. "Ka sha uku yanzu, uku da safe, Alhaji." Babu suna, babu ranar lalacewa, babu lambar rukuni. Ban ga laifin mai saye ba, kuɗin hannunsa ke nan, asibiti kuma layi ne da kuɗin kati. Amma da gobe NAFDAC za ta janye ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan, ba yadda za a yi mutumin nan ya san abin da ya haɗiya, shi kansa mai shagon ba lallai ya iya faɗin daga wace roba ya ɗebo ba. Dokar janye magani tana iya bin sawu har cikin kantin magani, amma a ƙullin ledar nan sawun yake ɓacewa.

Wannan batu na bin sawu shi ne kuma asalin rikicin kasuwar magani ta Sabon Gari da ke Kano. Shekaru da dama daga nan ake sarin maganin da ke zuwa jihohin Arewa har da maƙwabtan ƙasashe, a buɗaɗɗiyar kasuwa da ba a tanade ta don ajiyar magani ba. Tsarin rarraba magunguna na ƙasa ya ce a rufe irin waɗannan kasuwanni, a koma cibiyoyin sari da hukuma ke sa wa ido. Ta Kano, wadda ke Dangwauro a kan titin Zariya, ita ce ta farko da aka buɗe a Najeriya, a 2023. 'Yan kasuwa sun yi turjiya, sun koka da tsadar shaguna, kuma kukan nasu ba na banza ba ne. Amma a watan Fabrairun 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Kano ta ce su koma, nan take kuma NAFDAC da PCN suka rufe shaguna 1,321 a Sabon Gari da Malam Kato da titin Neja. Amfanin cibiyar shi ne a san abin da ya shigo, daga wa, ya tafi wurin wa. Gini kaɗai ba zai yi wannan ba, sai an ci gaba da rubuta lambar rukuni a takardun sari.

Ita janyewar kanta, NAFDAC ta fitar da ƙa'idojinta a 2021. Wani lokaci kamfani ne yake gano kuskurensa ya sanar da hukuma, wani lokaci hukumar ce take ba da umarni. Ko ta wace hanya, nauyin kwaso kayan yana wuyan kamfanin da ya yi maganin ko ya shigo da shi. Shi zai sanar da dillalansa, su kuma su sanar da asibitoci da kantuna. Duk wanda ke da rukunin a hannunsa ya daina sayarwa, ya ware shi gefe, ya mayar, sannan a lalata shi a gaban jami'an hukuma. Mai shagon da ya ji sanarwa ya ce bari ya ƙarasa sayar da ɗan ragowar don kada ya yi asara, ya shiga hurumin sashen farko na dokar 1999. Hukumomin magunguna kan bambanta girman haɗari: wanda zai iya kisa, wanda zai iya cutarwa na ɗan lokaci, da wanda kuskure ne ƙarami kamar na rubutun kwali. Kuma janyewa ba yanke hukunci ba ce, rigakafi ce. A batun Benylin ɗin ma, daga baya hukumar magunguna ta Afirka ta Kudu ta ce nata gwajin bai nuna gubar ba. Duk da haka ban ga kuskure a gaggawar NAFDAC ba, domin ƙasar da ta binne yara sau biyu saboda wannan sinadari ba ta da dalilin jira.

To idan sanarwa ta fito, ɗauko kwalin ka gwada suna da ƙarfin maganin da lambar rukuni. Idan sun yi daidai, a daina sha, a mayar inda aka saya ko a kai ofishin NAFDAC, kada a jefa a bola inda yara ko 'yan gwangwan za su tsinta. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba ka damar mayar da kayan da ke da haɗari a maido maka da kuɗinka, sai dai rasit ne shaidarka, don haka ka saba karɓarsa ko mai shago ya ɓata rai.

Amma masu shan maganin yau da kullum, na hawan jini ko ciwon suga ko farfaɗiya, su yi hattara. A 2018 da aka janye wasu rukunan maganin hawan jini na Valsartan a ƙasashe da dama saboda wani gurɓataccen sinadari, hukumomi sun gargaɗi marasa lafiya kada su daina sha da kansu sai an canza musu wani, domin haɗarin yankewa farat ɗaya ya fi na gurɓatar kusa. Idan Hajiya ce ko Baba ke kan irin wannan magani, a kai kwalin wurin likita ko famasi a ranar, a karɓo madadinsa.

Yaron da ya riga ya sha maganin ruwa da ake zargi, ya kuma fara amai ko fitsarinsa ya ragu, ba a kwana da shi a gida. A tafi asibiti, Murtala ko Malam Aminu Kano ko wanda ya fi kusa, a riƙe kwalbar a hannu.

Abin da ya fi ƙaranci a wurinmu shi ne kai rahoto. A batun My Pikin, likitoci ne a Legas da Zariya suka lura yara na ta zuwa da mutuwar ƙoda a lokaci guda, daga nan aka fara bincike. NAFDAC tana da fom mai launin rawaya a asibitoci don rubuta illar magani, tun 2020 kuma akwai manhajar waya mai suna Med Safety da kowa zai iya amfani da ita, ba sai ma'aikacin lafiya ba. Ba a neman ka tabbatar cewa maganin ne ya jawo ƙuraje ko kumburi ko jiri, zargi kawai ya isa. Za a tambaye ka sunan maganin, da lambar rukuni, da ranar da aka fara sha, da abin da ya biyo baya.