Me ake nufi da jakar goyo "mara nauyi"?

Idan mai sayarwa ya ce jakar goyo mara nauyi ce, yawancin masu saye kan ɗaga ta ba komai a ciki, su ji ta sakayau, su biya. Masu tafiyar kwanaki a ƙasa ba haka suke lissafi ba. A wurinsu kalmar ta shafi jakar da duk abin da ke cikinta, in ban da abinci da ruwa, domin su waɗannan raguwa suke yi kullum a hanya. Abin da ya rage, wato jakar kanta da bargo da tabarma da sange da tufafi da tukunya da tocila, shi ne nauyin da ba ya canzawa tun daga fita har dawowa. A Turai da Amurka, inda wannan lissafi ya samo asali, idan nauyin nan bai kai kilo 9 ba sai a ce kayan mutum marasa nauyi ne. Idan bai kai kilo 4 da rabi ba, ya shiga sahun masu tsananin rage kaya.

Jakar da ba komai a cikinta ma tana da nata matakai. Manyan jakunkuna irin na da, masu kaurin yadi da aljihu barkatai, sukan kai kilo 2 zuwa 3. Waɗanda ake kira marasa nauyi suna tsakanin kilo 1 da 1 da rabi, kuma akwai siraran sandunan alminiyam a bayansu da ɗamara mai soso. Sai na ƙarshe, masu giram 500 zuwa 800, waɗanda akasarinsu ba su da sanda ko ɗaya, buhu ne kawai mai maratayi. Irin wannan ba ta jin daɗin ɗauka idan kaya suka wuce kilo 9 ko 10.

A nan ne ɗan Maradi ya kamata ya yi hattara, domin waɗanda suka ƙera jakar giram 500 suna tafiya ne a ƙasashen da ake cin karo da ƙorama sau da yawa a yini, lita ɗaya ko biyu ta ishe su. Mu kuwa ruwa ne babban kayanmu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, ba yadda za a yi a rage ta. Wanda zai yi yini yana taka yashi a wajen Dakoro ko Mayahi yana bukatar lita 4 zuwa 6, a Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, fiye da haka. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada kaya su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikin mai ɗauka. Mutum mai kilo 65 ke nan iyakarsa kilo 13. Cire ruwa lita 5, saura 8. Cire guzurin kwana uku, kamar kilishi da dabino da garin rogo da ƙuli-ƙuli da sukari da ganyen shayi, wajen kilo 2, saura 6. A cikin 6 ɗin nan jakar kanta take. Idan ta kai kilo 3, ta cinye rabi tun ba ka sa bargo ba. Idan ka gudu zuwa mai giram 500, ka ceci ɗan nauyi amma ka ɗora mata kilo 13 da ba a yi ta domin su ba: bayanta zai lanƙwashe, ɗamarar ta zame, nauyin duka ya koma kafaɗa, kafin azahar wuya ya sage. Don haka a ƙasarmu ta tsakiyar ce daidai, mai sanda da ɗamara, wadda mai ƙerawa ya rubuta cewa tana ɗaukar kilo 13 zuwa 16.

Lambar da ake rubutawa a jikin jaka, kamar 45 ko 60, lita ce ta faɗin ciki, ba kilo ba. Tafiyar kwana biyu zuwa huɗu, lita 40 zuwa 55 ta wadatar. A Disamba da Janairu, da sanyin asuba ke tilasta ɗaukar bargo mai kauri, a nufi 55. Kada a wuce haka ba dalili. Duk gurbin da ya rage a jaka sai an nemo abin cika shi.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne tsawon baya. Ba tsayin mutum ake dubawa ba, domin dogo na iya zama mai gajeren baya da dogayen ƙafafu. Ka sunkuyar da kai, ka lalubi ƙashin nan da ke tasowa a gindin wuya. Sannan ka ɗora hannuwa a kan ƙasusuwan ƙugu, manyan yatsu suna fuskantar juna ta baya. Wani ya ɗauki ma'aunin tela ya auna daga ƙashin wuyan zuwa layin da ke tsakanin yatsun. Yawancin manya sukan faɗa tsakanin santimita 40 da 53. Jakar da ta fi bayanka tsawo za ka ga maratayanta sun ɗaga sama da kafaɗa, tana lilo. Wadda ta gaza kuwa ɗamararta za ta hau ciki maimakon ta zauna a ƙugu, alhali ƙugu ne ya kamata ya ɗauki mafi yawan nauyin, kafaɗa aikinta kawai ta hana jakar faɗuwa baya.

Kada ka gwada jaka ba kaya. Ka sa a zuba mata wajen kilo 10, ko da gorunan ruwa ne, ka sassauta dukkan igiyoyi sannan ka goya. Fara da ɗamara, sosonta ya rufe saman ƙashin ƙugu, ka ja ta sosai. Sai maratayan kafaɗa, a ja har su kwanta ba tare da sun matse ba. Sai ƙananan igiyoyi biyu da ke haɗa saman maratayi da saman jaka. Su ne ke janyo kayan zuwa jikinka, kuma idan girman ya yi daidai za ka gan su a karkace, rabin tsaye rabin kwance. Igiyar ƙirji ita ce ta ƙarshe, kada ta hana numfashi. Yi tafiyar minti 15 a haka. Wurin da ya fara damunka a minti 15 zai zama gyambo a kwana na biyu.

Shirya kaya ma yana cikin lissafin. Bargo da tufafi a ƙasa, ruwa da abinci a tsakiya manne da baya, abin da ake yawan nema a sama. Kowace uwa ta san cewa goyon da ya manne da baya bai kai wanda ya sassauta gajiyarwa ba, ko da yaron ɗaya ne. Ruwan kuma a raba shi cikin goruna na lita 1 da rabi maimakon jarka guda: ba ya kaɗawa yana jan mutum gefe, kuma idan ɗaya ta huje ba duka aka rasa ba.

Yadin jaka ana auna kaurin zarensa da lamba mai harafin D a gaba. Mai 70D ko 100D shafal yake, amma ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba sa raga masa. Nailan mai 210D shi ne matsakaici, gindin jakar kuwa ya fi kyau ya kai 420D tunda shi ke shan ƙasa duk lokacin hutu. Akwai yadin Dyneema da ake yayi, mai tsada, mai wuyar yagewa. Sai dai gurzuwa na cin sa, kuma gyaransa da tef na musamman ake yi, ba kamar nailan ba da kowane baduku zai ɗinke maka. Manyan aljihunan raga da ke wajen jakunkunan zamani su ma matsala ce bayan damina, lokacin da ƙarangiya ta nuna: takan cika ragar har a rasa inda za a sa hannu.

Zif kuwa ƙurar hunturu ce ajalinsa. Yashi yana cinye bakin abin jan, haƙoran su daina kamawa. Shi ya sa jakar da ake naɗe bakinta a ɗaure ta fi mai zif da yawa ƙarko. Idan zif ya fara buɗewa ta baya, a ɗan matse abin jan da filaya a hankali, a goge haƙoran da tsohon buroshi, a shafa kyandir kaɗan. Mai ko man shafawa ƙara tara yashi suke yi.

Mai neman ta gwanjo a babbar kasuwar Maradi ya juya cikinta waje. Idan rufin robar da ke ciki yana ɓarewa ko yana danƙo da wari, ya mutu, ba ya gyaruwa. A matsa soson ɗamara da yatsa. Idan bai taso ba, ya gama aiki. A ɓalle kowane maɓalli na roba a mayar, domin wanda rana ta gasa yakan yi fari-fari ya tsage farat ɗaya, kuma na ɗamara shi ne mafi muni idan ya karye a daji. A ja gindin maratayi da ƙarfi a duba ɗinkin. Da damina, ko jakar sabuwa ce ruwa yana bi ta ramukan allura, saboda haka a shimfiɗa babbar leda mai kauri a ciki, a zuba bargo da tufafi, a murɗe bakinta kafin a ɗora sauran kaya.