Waiwaye: Yadda aka kai ga buga wa kowa ƙwayar maganinsa

Haɗa magunguna a ƙwaya ɗaya ba baƙon abu ba ne a Damagaram. Mai tarin fuka yana haɗiyar ƙwaya mai magani huɗu, Coartem na zazzaɓin cizon sauro kuwa biyu ne a haɗe. Amma masana'anta ce ke yanke awon, kowa iri ɗaya. In aka zo kan yaro mai kilo 12, ko tsohuwar da ƙodarta ta raunana, sai a koma raba ƙwaya da reza, wani rabin ya rinjayi wani, saura ya marmashe. Wannan matsala ce ake son magancewa ta hanyar buga ƙwaya da na'urar 3D, mai gina abu hawa kan hawa, kowa da awonsa.

Tun 2003 masana biyu a Ingila, Nicholas Wald da Malcolm Law, suka ba da shawarar ƙwaya ɗaya mai sinadarai shida don rigakafin ciwon zuciya. Dabarar bugun kuwa ta girmi wannan: a 1993 jami'ar MIT ta Amurka ta yi rajistar hanyar shimfiɗa gari, a ɗiga masa ruwan da ke manne shi, a sake shimfiɗa wani, hawa kan hawa. Da ita aka yi Spritam, maganin farfaɗiya da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a Agustan 2015. Yana ɗaukar har miligram 1,000, kuma kurɓin ruwa ke narkar da shi. Sai dai shi ma awon masana'anta ne, magani ɗaya tak.

A shekarar ce masu bincike a jami'ar Nottingham suka buga ƙwaya mai ɗakuna da ta ƙunshi magani biyar na zuciya da hawan jini. Asfirin da hydrochlorothiazide suna fita nan take. Atenolol, ramipril da pravastatin suna tsiyaya a hankali. Amfanin ɗakunan shi ne raba sinadaran da ba sa jituwa. A 2019 aka fitar da sakamakon wani gwaji a Santiago de Compostela ta Sifaniya, inda aka buga wa yara huɗu masu wata cutar gado ƙwayar taunawa, kowa da awonsa da ɗanɗanon da ya zaɓa.

Aikin kansa: a cuɗa magani da abin da zai riƙe shi, a ɗura a sirinji ko a mayar da shi zare, kwamfuta ta lissafa girman ƙwaya daga awon da likita ya rubuta, bakin na'ura ya zuba. Ta hanyar zare, zafi kan kai digiri 200, wanda ke ƙona wasu magungunan. Ta sirinji zafin kaɗan ne, amma sai an busar, kuma ƙwayar kan tsuke ko ta tsage. Kumfar iska ɗaya a cikin kwaɓin tana rage awo ba tare da ido ya gani ba.

Ga Damagaram (Zinder), sayen na'urar shi ne mafi sauƙi. Zafin Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40, danshin damina yana laushin zare, ƙurar hunturu tana son ɗaki rufaffe mai matatar iska. In wuta ta ɗauke ana tsakar bugu, ƙwayoyin da ke kan faranti na zubarwa ne. Masana'anta kan gwada wasu ƙwayoyi daga dubbai ta hanyar narkar da su. Wanda ya buga 30 kacal don mutum ɗaya, dole ya auna nauyin kowace, ya kuma duba sinadarinta da na'urar haske wadda ba ta lalata ƙwaya.