Ƙwallo a Mathare ba ɓata lokaci ba ne

An daɗe ana cewa ƙungiyar agaji da ta raba wa yara ƙwallo ta yi asarar kuɗi, gara ta sayo magani. Masu wannan magana ba su leƙa Mathare ba, unguwar talakawa a Nairobi. Tun 1987 ƙungiyar wasannin matasan Mathare, wato MYSA, ke shirya gasar ƙwallo a can, kuma maki ba a fili kaɗai ake samunsa ba: 'yan wasan da suka fito kwashe shara da yashe magudanan ruwa, ana ƙara wa ƙungiyarsu maki a teburin gasa. Yaron da zai guje wa lacca kan cutar ƙanjamau, in kocinsa ne ke bayani, zama yake yi. Wasu ma har tallafin kuɗin makaranta suke samu.