Binciken kalibar birki a tsohuwar motar tsere

Kaliba ita ce ƙarfen da ke rungume da faifan birki a bayan taya. A cikinta akwai fistin ɗaya ko fiye, kuma idan direba ya taka birki, man birki ne ke tura fistin ɗin ya matse takalman birki a jikin faifan har motar ta rage gudu. A motocin tsere na shekarun 1950 zuwa 1970, waɗanda masu sha'awa ke sayowa daga Turai da Amurka zuwa Saudiyya, binciken wannan sashe yana cikin ayyukan farko bayan saye, domin irin waɗannan motoci sun fi daɗewa a ajiye fiye da kan titi, kuma zama wuri ɗaya ya fi tafiya lalata kaliba.

Tarihi

Ana danganta birkin faifai da injiniyan Ingila Frederick Lanchester, wanda ya yi rajistar fasahar a 1902. An ce ƙarar da takalman tagulla ke yi a kan faifan na cikin abin da ya hana ta karɓuwa a lokacin, sai birkin ganga ya ci gaba da mulki kusan shekara 50. Kamfanin Crosley na Amurka ya gwada birkin faifai wajen 1949, amma ya janye ba da daɗewa ba, saboda gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara yana sa shi tsatsa ya maƙale. Matsalar da ta kayar da Crosley ita ce dai ake nema a binciken yau.

Filin tsere ne ya farfaɗo da fasahar. Jaguar da Dunlop sun haɗa hannu suka saka ta a motar C-Type, wadda Tony Rolt da Duncan Hamilton suka ci tseren awa 24 na Le Mans da ita a 1953. Fa'idar a bayyane take: faifai yana shan iska ya huce da sauri, don haka direba na iya jinkirta taka birki har ya kusa kwana, zagaye bayan zagaye. Citroën DS ta fito da birkin faifai a tayoyin gaba a 1955, Triumph TR3 ta biyo baya wajen ƙarshen 1956 da kalibar kamfanin Girling, Porsche 356 C ta samu nata a 1963, sannan Chevrolet Corvette a 1965, a duk tayoyi huɗu.

Kowace daga cikinsu ta bar wa mai saye gadon matsalarta. Corvette ta 1965 zuwa 1982 tana da fistin huɗu a kowace kaliba, 16 ke nan a mota ɗaya, kuma ta yi suna wajen yoyon mai idan ta daɗe ba ta motsa ba, domin ramin fistin yana tsatsa ya ci robar. Maganin da aka saba shi ne a sanya wa ramin rigar ƙarfe marar tsatsa, don haka mai saye kan fara da tambayar ko an yi wannan aikin. Jaguar E-Type ta 1961 kuwa, birkinta na baya ba a jikin taya yake ba, yana can ciki kusa da giyar tsakiyar gatari. Kai hannu wurin yana da wuya, wani aikin sai an sauke ƙafar baya gaba ɗaya, shi ya sa masu motar da yawa kan bar shi shekara da shekaru ba a taɓa ba.

Yadda ake binciken

Ana ɗaga motar a ɗora ta kan mataimakan ƙarfe, ba a kan jak kaɗai ba, a cire taya. Abin farko da ido ke nema shi ne danshin mai a jikin kaliba ko a cikin wili. Man birki yana cin fenti, saboda haka fentin da ya kumbura a wurin shaida ne ko da ba a ga ɗigo ba. Sai a duba robar da ke kare fistin daga ƙura: idan ta yage, ruwa da rairayi sun riga sun shiga.

Takalman birki, waɗanda makanikan Sana'iyya, wato unguwar masana'antu da garejoji, a Jidda da Makka ke kira fahmat, su ne suka fi bayar da labari. Idan na ciki ya cinye, alhali na waje yana nan da kauri, to mai yiwuwa wani fistin ya maƙale. Haka nan a juya faifan da hannu bayan an taka birki an saki. Ya kamata ya juya ba tare da riƙewa ba. Tsohon tiyon roba na iya kumbura ta ciki ya hana mai komawa, alhali a waje lafiyarsa ƙalau, kuma sau da yawa kaliba ake zargi a kan laifin tiyo. Ana auna kaurin faifai a gwada da mafi ƙarancin da kamfani ya ƙayyade, a tabbatar an ɗaure kusoshin kaliba daidai ƙa'ida, kuma notin fitar da iska yana sama. Idan yana ƙasa, an musanya kalibar dama da ta hagu ne, iska ba za ta taɓa fita duka ba.

Tsofaffin takalma na iya ƙunsar asbestos, wani ma'adani mai cutar da huhu, don haka ba a busa ƙurarsu da iska.

Man birki

Ana rarraba man birki da lambar DOT. Man DOT 3 da DOT 4 suna shan danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha ruwa ma'auninsa kan sauka zuwa 155, kuma ruwan ne ke tsatsar fistin. Akan canza shi duk shekara biyu, a motar da aka saya kuwa nan take. Wasu motocin Citroën suna amfani da koren mai na LHM, wanda ba ya haɗuwa da sauran. Masu tsofaffin motoci sun rabu biyu a kan DOT 5 na silikon: ba ya shan ruwa kuma ba ya cin fenti, amma wasu na kukan yana sa feda laushi.

A Saudiyya

Danshin bakin Bahar Maliya a Jidda yana hanzarta tsatsa, zafi da bushewar Riyad kuma suna tsattsaga roba. Binciken shekara-shekara na Fahas yana auna ƙarfin birki a kan na'ura, amma ba a kwance kaliba a wurin. Gangaren Hada, daga Ɗa'if zuwa Makka, yana sa birki ɗaukar zafi na tsawon lokaci, kuma a irin wannan hanya ce tsohon mai kan tafasa feda ta nutse. Saboda haka gwajin farko a fili marar cunkoso ake yinsa, da gudu kaɗan: a lura ko motar na ja gefe ɗaya, sannan a tsaya a kusantar da hannu ga kowane wili, a ji ko wani ya fi 'yan'uwansa zafi.